Yadda Ake Auna Takun Labari da Rassansa a Anime Mai Dogon Zango

Duk wanda ya bi Naruto na asali, ɗaya daga cikin shirye-shiryen zane mai motsi na Japan da ake kira anime, tun daga farko ya san abin da ya faru bayan kashi na 135. Sasuke ya bar ƙauyen Konoha, an gwabza tsakaninsa da Naruto a bakin ruwa, mai kallo ya gyara zama yana jiran ya ga yadda za a dawo da shi, sai labarin ya tsaya cak. Daga kashi na 136 har zuwa dab da na 220, wato kusan shekara biyu a talabijin na Japan, an dinga aika yaran ƙananan ayyuka da babu su a littafin Masashi Kishimoto, kuma duk aikin da suka je suka dawo, ana tarar da su yadda aka bar su. Masu kallo da yawa sukan taƙaita wannan ciwo da cewa shirin ya yi tsawo. Ni kuwa a ganina tsawo ba ya da laifi, domin akwai gaɓar labari mai kashi sittin da ba ta gundurar kowa, akwai kuma mai kashi goma da ake ƙosawa da ita tun a na uku. Abin da ya kamata a auna shi ne yawan abin da ke canjawa a kowane kashi, da kuma ko rassan labarin suna dawowa ga gangar jikinsa da wani amfani. Wannan awo yana da hanya, kuma duk mai littafin rubutu da biro da agogon waya zai iya yinsa.

Kafin a shiga aikin, ya dace a daidaita kalmomi. Kashi shi ne fitowa ɗaya ta shirin, mai kimanin minti 24. Babi na manga ne, wato littafin zane da aka ɗauko labarin daga ciki. Gaɓa ita ce jerin kasusuwan da ke ɗauke da rikici guda daga ƙulluwarsa zuwa warwarewarsa. Reshe shi ne ƙaramin labarin da ke tafiya a gefen babban. Ciko kuwa shi ne abin da kamfanin shirin ya ƙirƙiro don cike lokaci. Ina kuma sanar da mai karatu cewa misalan da ke tafe za su tona wasu ƙulle-ƙulle na One Piece da Naruto da Bleach da Hunter x Hunter.

Mataki na farko: a shata iyakar gaɓar

Ka buɗe sabon shafi, ka rubuta lambar kashin da gaɓar ta fara da wanda ta ƙare, sannan a ƙarƙashinsu ka rubuta tambaya ɗaya tak da gaɓar ta yi alkawarin amsawa. A gaɓar Soul Society ta Bleach, tambayar ita ce ko Ichigo zai ceto Rukia kafin a zartar mata da hukuncin kisa. A gaɓar Dressrosa ta One Piece, tambayar ita ce ko za a tumɓuke Doflamingo, azzalumin sarkin ƙasar. Idan ka kasa rubuta tambayar a layi ɗaya, to tun nan ka fara gano inda gizo ke saƙa, domin gaɓar da ba ta san tambayarta ba ba za ta san abin da za ta zubar ba. Wannan layi shi ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Mataki na biyu: a lissafa babi nawa ke shiga kashi ɗaya

Nan ne ya wajaba a fahimci yadda ake samar da waɗannan shirye-shirye, domin mafi yawan jan ƙafar da ake gani ba daga lalacin marubuci ya samo asali ba. Manyan labaran nan suna fara fitowa ne a mujallar mako-mako, kamar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, inda mai zane ke ba da babi ɗaya a mako, mai shafi goma sha tara ko ƙasa da haka, kuma idan aka cire makonnin hutu da wuya ya kai babi 50 a shekara. Shi kuwa kashi ɗaya na talabijin, idan aka bar shi ya yi tafiyarsa ta ɗabi'a, yakan cinye babi biyu, wani lokaci uku idan faɗa ne. Shirin da ke fita kowane mako ba hutu yana cin abinci ninki biyu na abin da ake noma masa, saboda haka ko da an ba littafin ratar shekara biyu, wata rana sai ya cim masa. Haka aka yi da One Piece, wanda Eiichiro Oda ya fara a 1997, kamfanin Toei ya mayar da shi shirin talabijin a 1999.

Idan shiri ya taka dunduniyar littafi, hanyoyi huɗu ne a gaban kamfani. Ko dai ya ƙirƙiro gaɓar ciko ya ba mai zane lokaci, kamar yadda kamfanin Pierrot ya yi da Naruto da Bleach. Ko ya miƙe babi ɗaya har ya cika kashi guda, kamar yadda Toei ya daɗe yana yi da One Piece. Ko ya rabu da littafin ya yi nasa ƙarshen, kamar Fullmetal Alchemist na 2003, wanda sai a 2009 aka sake yinsa bisa littafin cikin kashi 64. Ko kuma ya tsaya ya jira, wanda shi ne tsarin zango-zango da ya yi rinjaye a yau, wato a fitar da wasu kasusuwa sannan a tafi hutu. Kowace hanya tana da irin alamar da take bari a jikin labari, kuma lissafi mai sauƙi ne ke nuna wadda aka bi.

Ka nemo lambobin babin da gaɓar ta ƙunsa, ka raba su da yawan kasusuwanta. Babi 100 na farko na One Piece sun shiga cikin kashi 61, kuma takwas na ƙarshen waɗannan kusan duk ciko ne, wato kowane kashi ya ɗauki kusan babi biyu. Dressrosa kuwa babi 102 ce a littafi, daga na 700 zuwa na 801, amma ta ci kashi 118 a talabijin, daga na 629 zuwa na 746. Ko babi ɗaya cikakke bai shiga kashi guda ba. Wanda ya ga waɗannan lambobi biyu gefe da gefe ya fahimci dalilin da ya sa mutumin da ya ji daɗin farkon shirin yake ƙorafi a tsakiyarsa, alhali marubucin bai canja ba. A awona, idan sakamakon ya kai biyu tafiyar lafiya take, idan yana tsakanin ɗaya da rabi da biyu ana iya haƙuri, idan ya sauka ƙasa da ɗaya to miƙewa aka yi, kuma za ka same ta a mataki na gaba.

Mataki na uku: a riƙe agogo

Ka zaɓi kashi uku daga gaɓar, ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya dab da ƙarshe. Ka kunna agogon wayarka a daidai lokacin da sabon abu ya fara, ka tsayar da shi duk sa'ar da aka koma ga abin da ka riga ka gani. Waƙar buɗewa, wadda yawanci minti ɗaya da rabi ce, ba ta cikin lissafi, haka ma ta rufewa da tallan kashi mai zuwa. One Piece ya yi shekaru babu waƙar rufewa, amma ta buɗewarsa tana kai minti biyu da rabi, sannan bitar kashin baya ta biyo. Abin da ya fi buƙatar ido shi ne miƙewar da ke cikin tsakiya. Jarumi zai ɗaga hannu ya kai naushi, sai a nuna fuskar abokinsa baki buɗe, a nuna ta biyu, a nuna ta uku, a bi 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, a dawo a sake nuna naushin ta wata kusurwa, ƙura ta tashi, a tsaya a kan ƙurar har ta lafa. A littafi duk wannan zane ɗaya ne ko biyu. Haka nan waiwayen da ake maimaitawa: idan an nuna maka wani abin baƙin ciki na yarintar jarumi karo na farko, sabon abu ne, ka bar agogo ya yi ta tafiya. Idan karo na biyar ne kuma bai ƙara maka komai ba, ka tsayar.

Ka rubuta yawan mintocin da suka rage a gefen kowane kashi. Ba sai ka yi wa dukan gaɓar haka ba, domin uku sun isa su nuna maka ɗabi'arta.

Mataki na huɗu: layi ɗaya ga kowane kashi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya fi cin lokaci. Bayan kowane kashi ka rubuta jimla ɗaya da ke faɗin abin da ya canja wanda ba zai koma yadda yake ba. Kada ka rubuta abin da ya faru, domin ana iya kwashe minti ashirin ana faɗa ba tare da komai ya canja ba. Canji iri uku ne. Akwai na hali, kamar a ce an kama wani, ko an rasa makami, ko hanyar gudu ta toshe. Akwai na sani, inda jarumi ko mai kallo ya gano abin da ke ɓoye. Akwai kuma na zuciya, inda wani ya yanke shawarar da da bai iya yanke ta ba. Idan kashi ya ƙare ka rasa ko ɗaya daga cikin ukun, ka ja layi a wurin ka bar shi fayau. Idan ka gama gaɓar ka dubi shafin daga nesa. Gurbi ɗaya a nan, ɗaya a can, ba komai ba ne. Gurbi uku ko huɗu a jere shi ne wurin da masu kallo ke zubewa.

Da wannan shafi ne kawai za ka iya bambanta jinkirin da aka yi da gangan da jan ƙafar da dole ta sa, kuma misalai biyu sun isa su nuna bambancin. A Dragon Ball Z, Frieza ya ce duniyar Namek za ta tarwatse nan da minti biyar, amma faɗansa da Goku ya ci kimanin kashi goma bayan wannan magana. Idan ka yi wa kasusuwan nan layi-layi, za ka ga da yawansu jimla ɗaya suke maimaitawa, wato ana ta faɗa kuma ƙasa na tsagewa. An ba mai kallo agogo, sannan aka ƙi mutunta agogon. A Hunter x Hunter na 2011 kuwa, gaɓar Chimera Ant ta ɗauki kashi 61, daga na 76 zuwa na 136, kuma da aka kutsa fadar sarkin tururuwan, kasusuwa da dama sun ƙare a kan 'yan mintocin farko na harin. A agogo, wannan ma tafiyar hawainiya ce. Sai dai idan ka ɗauki biro za ka ga layukanka sun cika har suna neman ƙarin wuri, domin mai ba da labari yana shiga zuciyar kowane mutum a cikin daƙiƙa guda, wani ya yi kuskuren lissafi, wani tsoro ya kama shi, wani shirin da aka kwana ana tsarawa ya rushe saboda abin da ba a yi tsammani ba. Lokaci ya tsaya amma labari bai tsaya ba. Na san masu kallon da wannan salo ya gajiyar da su, kuma ban ga laifinsu ba, amma gajiyarsu ta yawan abu ce, ta Namek kuwa ta rashinsa ce, kuma bai kamata mai nazari ya kira su da suna ɗaya ba.

Mataki na biyar: a jera rassa, a bi kowanne zuwa inda ya ƙare

A sabon shafi ka ja ginshiƙai huɗu: sunan reshen, kashin da ya ɓullo, kashin da ya rufe, da abin da ya kawo wa tambayar da ka rubuta a mataki na farko. Ginshiƙi na huɗu shi ne alƙali. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, wato in ɗauka an cire reshen gaba ɗaya, in tambayi kaina ko ƙarshen gaɓar zai iya faruwa yadda ya faru, kuma ko zai taɓa zuciya yadda ya taɓa.

Reshe mafi ƙarfi shi ne wanda ya fara a gefe ya ƙare a tsakiya. A cikin Chimera Ant, sarkin tururuwan, Meruem, ya sa ana kawo masa gwanayen wasannin allo yana cinye su don ya kashe lokaci, har aka kawo masa Komugi, makauniyar yarinya, gwanar wasan Gungi, wadda ya kasa ci ko sau ɗaya. Da farko mai kallo zai ɗauka ana cike lokaci ne kafin mafarauta, wato jaruman shirin, su iso. Amma a gaban wannan allo ne halittar da ke ganin ɗan Adam nama ne ta fara girmama mutum, raunin da yarinyar ta samu ne ya birkita harin fada tun daga daƙiƙarsa ta farko, kuma a kan allon nan gaɓar ta kai ƙarshenta. Idan aka cire Komugi, abin da zai rage shi ne labarin kashe dodo, irin wanda aka gani sau ɗari.

Iri na biyu shi ne reshen da aka shuka aka tafi aka bari. A farkon shigar su Luffy, jaruman One Piece, tekun Grand Line sun haɗu da wani ƙaton kifi mai suna Laboon, yana ta buga kansa a jikin dutse, shekara 50 yana jiran wasu matafiya da suka yi masa alkawarin dawowa. Kashi biyu ko uku aka yi da shi aka wuce. Bayan kusan kashi ɗari uku, a gaɓar Thriller Bark, sai ga Brook, mawaƙin da ya zama kwarangwal, kuma ya tabbata shi ne kaɗai ya rage daga waɗancan matafiya. Haka ma labarin yarintar Kakashi, malamin Naruto, da abokinsa Obito, wanda Kishimoto ya ba babi shida tsakanin rabin farko da rabi na biyu na littafinsa, aka kuma nuna shi a kashi na 119 da na 120 na Naruto Shippuden. Wanda ya tsallake waɗannan kashi biyu don yana ganin ba su shafi faɗan da ake ciki ba, ranar da fuskar mugun nan Tobi ta bayyana aka ga Obito ne, ba zai ji komai ba. Saboda haka idan reshe bai rufe a cikin gaɓar ba, kada ka yi saurin yanke masa hukunci, ka rubuta "bashi" a ginshiƙi na uku, ka duba ko an biya daga baya. Alamar shuka ta gaskiya ita ce gajarta. Marubucin da ya san zai dawo ba ya daɗewa a wurin, yakan bar alkawari ɗaya bayyananne ya tafi.

Iri na uku, wanda ya fi wuyar hukunci, shi ne gaɓar da rassanta kowanne mai kyau ne amma sun yi yawa a lokaci guda. Dressrosa ce babban misali, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Akwai gasar filin daga inda ake neman 'ya'yan itacen sihirin da Ace, yayan Luffy, ya bari. Akwai ƙananan mutanen Tontatta. Akwai mutanen da Sugar ta mayar 'yan tsana, duniya ta manta da su. Akwai Kyros da 'yarsa Rebecca, akwai tarihin Law da Corazon, akwai dawowar Sabo, akwai Fujitora da abin da yake saƙawa. Idan ka cika ginshiƙi na huɗu za ka ga kusan kowanne ya biya kuɗin zamansa. Lokacin da Usopp ya sa Sugar ta suma, 'yan tsana suka koma mutane, rassa huɗu ko biyar suka haɗe a wuri ɗaya, ƙasar ta juya wa Doflamingo baya a lokaci guda, kuma mayaƙan filin dagan nan da mabiyansu su ne suka zama rundunar mutum 5,600 da ta yi wa Luffy mubaya'a a ƙarshe. Ginin ba shi da aibu. Matsalar tana fitowa ne idan ka ƙara ginshiƙi na biyar, ka rubuta kashi nawa ke wucewa kafin a koma kan kowane reshe. Abin da ya faru mafi yawansa cikin wuni ɗaya a labari ya ɗauki kusan shekara biyu da rabi a talabijin, daga farkon 2014 zuwa tsakiyar 2016, kuma idan kashi guda ya leƙa wuri biyar, kowane wuri minti uku yake samu, ba abin da ke motsawa sosai a ko'ina. Ga kuma rabin ma'aikatan jirgin Luffy, su Sanji da Nami, an ɗauke su daga fage tun tsakiyar gaɓar. Ƙa'idar da na fitar wa kaina daga nan ita ce, mai kallon mako-mako yana iya riƙe zare uku ba tare da wahala ba, na huɗu yana buƙatar a rufe ɗaya kafin a buɗe shi.

Mataki na shida: a duba wurin da aka yanka

Reshe ko ciko yana iya zama mai kyau a kansa, wurin da aka soka shi ya lalata shi. A kan shafinka na mataki na huɗu ka sa alama a duk inda aka bar babban labari, sannan ka duba layin da ke sama da alamar. Idan layin ya nuna an warware wani abu, an yanka a mahaɗa. Idan ya nuna takobi na sama bai sauko ba, an yanka a ƙashi.

A One Piece, bayan an gama da tsibirin sama na Skypiea, jirgin ya faɗo ƙasa. A littafi cikin teku ya faɗa aka ci gaba da tafiya. Masu shirin talabijin sai suka sa ya faɗa tsakiyar wani sansanin sojan ruwa, suka gina kashi 11 a kan yadda za a fita, daga na 196 zuwa na 206. Wannan ciko ne tsantsa, amma ana yabonsa har yau, domin ya zo a lokacin da babu tambayar da ke rataye, ya bar kowane ɗan jirgi da halinsa na asali, ya ba su abokin karawa mai wayo, kwamanda Jonathan, sannan ya mayar da su kan hanya ba tare da ya taɓa komai ba. Bleach kuwa ya tsayar da yaƙinsa da Aizen a tsakiya, Ichigo na fuskantar Ulquiorra, ya tafi labarin tawayen takubba daga kashi na 230 zuwa na 265. Labarin takubban ba marar daɗi ba ne, amma mai kallo ya yi fiye da wata takwas yana jiran faɗan da aka bari a buɗe, kuma mutanen da ya bari a fagen yaƙi yana ganinsu a gida kamar ba abin da ke faruwa. Kafin a dawo, zafin ya huce.

A nan ne kuma za ka ware kasusuwan hutu, don kada ka haɗa su da ciko marar amfani. Bayan babban yaƙi labari yana buƙatar ya numfasa. Walimar da su Luffy ke yi a ƙarshen gaɓa, da kashin da jarida ke yawo duniya ana ganin sabon ladan da aka sa ga wanda ya kama kowannensu, layinsu a shafinka ba zai zama fayau ba, domin a nan ake sanin abin da nasarar ta jawo. Ko kashi na 125 na Dragon Ball Z, inda Goku da Piccolo suka je koyon tuƙin mota, bai cuci kowa ba, saboda kashi ɗaya ne kuma ya zo a lokacin jira.

Mataki na bakwai: a yanke yadda za a kalla

Yanzu shafukanka uku za su gaya maka abin yi. Idan ciwon gaɓar ciko ne da aka soka a tsakiyar yaƙi, ka tsallake shi ka gama yaƙin, sannan ka dawo gare shi idan kana so, ka kalle shi a matsayin labari mai zaman kansa. Jerin kasusuwan ciko suna nan birjik a intanet, amma ka kula da waɗanda aka gauraya, inda rabin kashin daga littafi yake, domin tsallake su na iya sa ka rasa magana mai muhimmanci. Idan ciwon miƙewa ne, tsallake ba zai yi magani ba, tun da abin da ake buƙata yana warwatse cikin kowane kashi. Maganinsa shi ne ka tara kashi huɗu ko biyar ka kalla a zama ɗaya kana wuce bitar farko, ko ka karanta wannan gaɓar a littafi ka dawo talabijin don manyan faɗace-faɗace, ko ka nemi sigar da aka tace idan akwai. Kamfanin Toei da kansa ya fara irin wannan tacewa a 2009 da Dragon Ball Kai, inda kashi 291 na Dragon Ball Z suka koma 167 a sigar da aka fitar ƙasashen waje. Idan kuwa ciwon yawan rassa ne, ka ajiye shafin ginshiƙanka a kusa, ka riƙa leƙa shi duk lokacin da aka koma wa mutumin da ka manta inda aka bar shi.

Sabbin shirye-shirye suna buƙatar a juya awon. Tsarin zango mai kashi 12 ko 13, ko ninkinsa, ya kusan kashe ciko. Demon Slayer ya fito da kashi 26 a 2019 ya tsaya, Attack on Titan ya yi kashi 25 a 2013 bai dawo ba sai 2017, Bleach da kansa da ya dawo a 2022 zango-zango ya dawo, One Piece ma ya ɗauki hutu daga Oktoban 2024 zuwa Afrilun 2025. Haɗarin wannan tsari shi ne gaggawa, kuma rassa ne ke fara biyan kuɗinta, domin idan kamfani na son ya kai wani babban faɗa kafin zango ya ƙare, hirar mutum biyu a bakin hanya ce ake fara yankewa. Saboda haka idan lissafinka na mataki na biyu ya haura babi uku ko huɗu a kashi ɗaya, ka buɗe littafin gefe da shirin, ka rubuta abin da aka cire a ginshiƙi na dabam, sannan ka duba ko akwai wanda ya mutu ko ya ci amana a ƙarshen zangon ba tare da ka ji komai a ranka ba. Idan akwai, ka koma wannan ginshiƙi, mafi yawan lokuta za ka tarar da dalilin a cikin shafukan da aka tsallake.